Tsofaffin Littattafan Jiragen Ruwa da Labarin Yanayin Duniya

Kowace shekara, idan muka kai ga darasin yanayi a ajin labarin ƙasa, ba a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ana ta cewa duniya tana ƙara zafi. To, wa ya auna zafinta shekara ɗari da suka wuce, har da za a ce yau ta fi da?" Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ta fi ƙarfin minti arba'in na darasi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi amfani da wannan fili na mujallar makaranta ta bana, mu amsa ta a tsanake.

A kan tudu amsar ba ta da wuya sosai. Akwai tashoshin auna yanayi a Turai da Amurka da wasu wurare waɗanda suka daɗe suna rubuta zafi da ruwan sama kowace rana. Amma fa ku tuna da abin da muka koya tun a aji ɗaya, cewa kashi bakwai cikin goma na fuskar duniya ruwa ne. Ba mai gina tasha a tsakiyar teku. Tauraron ɗan'adam na farko da ya yi aikin duba yanayi sai a 1960 aka harba shi, cikakken lissafin ƙanƙarar da ke rufe tekun arewacin duniya kuwa daga 1979 ya fara. Kafin wannan lokaci, wanda kaɗai ya san abin da iska da ruwa ke yi a tsakiyar teku shi ne mutumin da ke cikin jirgi. Abin farin ciki shi ne, mutumin nan ya rubuta abin da ya gani.

Littafin jirgi

Kowane jirgin yaƙi yana da babban littafi da ake rubuta aikinsa na kullum a ciki, kamar dai yadda kowane aji yake da rajista. Ba littafin nishaɗi ba ne. Idan jirgi ya yi karo da dutse, ko ya nutse, aka gurfanar da kyaftin gaban kotun soja, littafin nan ne shaida. Saboda haka ba a wasa da shi.

A rundunar sojan ruwa ta Ingila an raba yini da dare zuwa zangon tsaro na awa huɗu huɗu. A ƙarshen zango, hafsan da ke kan aiki sai ya rubuta inda iska ta fito da ƙarfinta, da yadda sama take, da nauyin iska bisa ga abin da ma'aunin da ake kira baromita ya nuna, da zafin iska, da zafin ruwan teku. Watau sau shida ke nan a kowace rana, ko ana zaman lafiya ko ana harbi. Ma'aunin zafin iska ma guda biyu ne, ɗaya busasshe, ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna yawan laimar da ke cikin iska. Da tsakar rana kuma sai a rubuta daidai inda jirgin yake a kan taswira. Wannan na ƙarshe shi ne gishirin miyar, gama awon da ba a san inda aka yi shi ba, ba shi da amfani ga kowa.

Ƙarfin iska da lamba ake rubuta shi, daga 0, watau iska ta kwanta lif, har zuwa 12, mahaukaciyar guguwa. Wani hafsan sojan ruwa mai suna Francis Beaufort ne ya tsara wannan ma'auni a 1805, rundunar kuma ta wajabta shi a kan jiragenta a 1838. Shi ne kuma ya fito da dabarar rubuta yanayin sama da haruffa: "b" idan sama garau take, "o" idan gajimare ya rufe ta ruf, "r" idan ana ruwa, "f" idan hazo ya sauka. Amfanin wannan tsari shi ne, hafsan da ke tekun Indiya da wanda ke gaɓar Kanada harshe ɗaya suke yi, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Ba a zamaninmu aka fara gane darajar waɗannan littattafai ba. A 1842 aka ba wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Maury, riƙon ɗakin ajiyar taswirori a Washinton, bayan ya ji rauni a ƙafa har ya kasa komawa teku. Can ya tarar da tsofaffin littattafan jirage jibge, ƙura ta rufe su. Ya zauna ya tsince abin da ke ciki, daga 1847 ya fara fitar da taswirorin iska da igiyar ruwa waɗanda suka rage wa jirage kwanakin tafiya ƙwarai. Shi ne ya yi tsaye har aka yi taron ƙasashe 10 a birnin Brussels na Beljiyam a 1853, inda aka amince da hanya ɗaya ta awon yanayi a teku. Shekara guda bayan haka aka kafa hukumar yanayi ta Ingila. Sai dai Maury hanya yake nema wa jirage. Masanan yau wani abu dabam suke nema a cikin littattafan.

Aikin gayya

Matsalar ita ce, littattafan suna kwance a ma'ajiyar takardun tarihi, shafi dubu ɗaruruwa, duk da rubutun hannu. Wani hafsan rubutunsa kamar an buga da inji, wani kuwa kamar kaza ta yi tonon tsaba, ga jirgi yana tangaɗi, ga tawada ta zube. Mu malamai da muke duba takardun jarrabawa mun san irin wannan wahala. Kwamfuta a wancan lokaci ba ta iya karanta irin wannan rubutu yadda za a amince da ita ba, masanan kuma ba su da yawan da za su zauna su kwafe shi da kansu. Da mutum ɗaya aka bar wa aikin, da sai ya tsufa a kai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Oktoba na 2010 sai aka buɗe wani shiri mai suna Old Weather, ma'anarsa tsohon yanayi. Hukumar yanayi ta Ingila ce ta haɗa kai da masu shirin Zooniverse na Jami'ar Oxford, da gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich, da masana tarihin sojan ruwa. Masanin yanayin da ya jagoranci ɓangaren kimiyya sunansa Philip Brohan. Aka ɗauki hotunan littattafan jiragen yaƙin Ingila na tsakanin 1914 da 1923, waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar ƙasa da ke Kew a Landan, aka sa su a intanet, aka ce duk mai so ya zo ya taya.

Aikin kansa ba wuya. Mutum ya zaɓi jirgi, a nuna masa hoton shafi ɗaya, ya rubuta kwanan wata, da inda jirgin yake, da lambobin yanayi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya wuce shafi na gaba. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma tambayar takardar shaidar makaranta. An dai yi wata 'yar dabara don ƙarfafa gwiwa: sabon shiga kurtu ne, idan ya yi aiki kaɗan ya zama laftanan, wanda ya fi kowa kwafi a jirgi kuma shi ne kyaftin ɗinsa, har ranar da wani zai wuce shi. Kafin tsakiyar 2012, 'yan sa kai fiye da 16,000 sun gama da littattafan jirage kimanin 300, sun fitar da awon yanayi wajen 1,600,000. Da aka gama da na Ingila, a ƙarshen 2012 aka shiga na jiragen gwamnatin Amurka, musamman waɗanda suka yi zirga-zirga a tekun ƙanƙara na arewa tun daga tsakiyar ƙarni na 19.

Mai karatu zai ce, yaya za a amince da aikin mutanen da ba a san su ba, ba a kuma koya musu kimiyya ba? Masu shirin sun yi tunanin wannan. Kowane shafi mutum uku ne suke kwafarsa, ba wanda ya ga na wani. Idan amsoshinsu suka zo ɗaya, shi ke nan. Idan suka saɓa, sai a san akwai abin dubawa a wurin.

Akwai kuma wata doka da muke so ɗalibanmu su lura da ita da kyau, domin ita ce ƙashin bayan aikin duka. An ce wa masu kwafi su rubuta abin da suka gani, ba abin da suke tsammani ya kamata a ce an rubuta ba. A ce hafsan da barci ya ɗebe da ƙarfe huɗu na asuba ya rubuta 39.92 a inda kowa ya san 29.92 yake nufi, gama baromita ba ta taɓa kaiwa can. Mai kwafi ba zai gyara masa ba. Ko kuma ya rubuta gabas maimakon yamma, har lissafi ya ajiye jirgin yaƙi a tsakiyar Hamadar Sahara. Nan ma haka zai kwafe shi. Da farko abin yakan ba mutum haushi, don hannu yana ƙaiƙayin gyara. Amma dalilin a fili yake. Idan mutum dubu goma sha shida kowa ya yi gyara bisa ga ra'ayinsa, ba wanda zai ƙara sanin wace lamba ce ta hafsan jirgi, wace ce kuma ta mai kwafi. Kuskuren da aka bari a fili, masani zai gan shi idan ya zana hanyar jirgin a taswira, ya gyara shi da hujja, ya kuma rubuta cewa ya gyara. Kuskuren da aka lulluɓe da kyakkyawar niyya kuwa ya shige ke nan. Sau nawa muka ce da ku a ɗakin gwaje-gwaje kada ku canja sakamakon da kuka samu don ya yi daidai da na littafi? To, ga manya ma dokar da suke bi.

Inda lambobin ke zuwa

Lambobin da aka kwafa ana zuba su a manyan rumbunan bayanan yanayi na duniya, daga nan kuma su shiga wani aiki da za mu kira sake gina yanayin da ya wuce. Ga yadda abin yake. Kwamfutar da ke hasashen yanayin gobe an koya mata dokokin da iska ke bi: yadda take tashi daga inda nauyinta ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, da yadda juyawar duniya ke karkatar da ita. To, maimakon a ba ta awon yau a ce ta faɗi na gobe, sai a ba ta awon wata rana ta 1916, a ce ta zana yanayin duniya duka na wannan rana. Inda babu awo, sai ta cike gurbin da dokokin nan. Kamar mai gyaran tsohuwar tabarma ne: inda sauran kaba ke da yawa, zai gane yadda saƙar take ya bi ta daidai, inda kuwa ramin ya yi faɗi, sai dai ya yi kirdado.

Mafi shahara a irin wannan aiki shi ne na hukumar kula da teku da sararin sama ta Amurka tare da Jami'ar Colorado. Fitowarsa ta uku, ta 2019, ta zana yanayin duniya daga 1836 zuwa 2015. Abin mamaki, awon nauyin iska shi ne babban abin da ake ba ta, domin baromita ɗaya a tsakiyar teku tana ba da labarin iskar da ke kewaye da ita har nisan ɗaruruwan kilomita. Ba sau ɗaya ake lissafin ba, sau 80 ake yi. Inda awo ya wadata, duka 80 ɗin sukan zo kusan ɗaya. Inda babu, kowanne ya kama gabansa. Brohan yakan rufe irin waɗannan wurare da launin toka a taswirorinsa, yana kiransu hazon rashin sani. Idan aka ƙara littafin jirgi ɗaya, sai ka ga hazon ya yaye a kan hanyar da jirgin ya bi.

Kada a ɗauka cewa da an kwafi lamba magana ta ƙare. Dole a san yadda aka yi awon. Misali, zafin ruwan teku. A da, guga ake jefawa a ɗebo ruwa, a jawo shi sama, a tsoma ma'auni. Gugan kuwa sau da yawa na tamfol ne. Duk wanda ya taɓa shan ruwan salka ko na randa ya san abin da zai faru: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin gugan yana bushewa a iska, yana sanyaya na ciki. Saboda haka awon guga yakan nuna sanyi fiye da gaskiya. Daga baya wasu jirage suka koma auna ruwan da ake zuƙowa don sanyaya inji, shi kuma yakan nuna zafi fiye da gaskiya, don ɗakin inji da zafi. Shekaru da yawa masana suna ganin zafin tekun duniya ya faɗi farat ɗaya da wajen digiri 0.3 a ƙarshen 1945, ba su san dalili ba. Sai a 2008 aka nuna cewa ba tekun ne ya huce ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yawancin awon daga jiragen Amurka ya fito, masu auna ruwan inji, da yaƙi ya ƙare kuma jiragen Ingila masu guga suka dawo aiki. Don a ƙara haske a kan shekarun nan ne 'yan sa kai wajen 4,000 suka kwafi shafi fiye da 28,000 na jiragen yaƙin Amurka 19 na 1941 zuwa 1945, aka buga sakamakon a 2023.

To, mu da muke nesa da teku, wasunmu ma ba su taɓa ganinsa ba, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa a nan yake, ruwan sama ma. Damunarmu daga Tekun Atalantika iska ke ɗauko ta. Bayan farin 1972 da 1973, da na 1983 da 1984, waɗanda iyayenku ba su manta ba, mutane da yawa sun ɗora laifin duka a kan sare itatuwa da yawan kiwo. A 1986 wasu masana uku na hukumar yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka gwada ruwan saman yankin Sahel na 1901 zuwa 1985 da zafin tekunan duniya. Suka tarar cewa shekarun fari sukan zo ne a lokacin da tekunan kudancin duniya suka yi ɗumi, na arewa kuma suka yi sanyi idan an gwada su da juna. Zafin tekun da suka yi aiki da shi, awon jiragen ruwa ne. A kan irin wannan sani aka gina hasashen damuna da ake yi wa manoma tun kafin shuka. Ba muna cewa littattafan 1914 sun warware asirin farin 1913 da ya jawo yunwar Kakalaba ba. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda yake so ya gane irin wannan fari, sai ya san halin da teku ke ciki a shekarun, shekarun Yaƙin Duniya na Farko kuwa suna cikin waɗanda awo ya yi ƙaranci ƙwarai, don yaƙi ya katse rahoton jiragen 'yan kasuwa.

Abin da ba a nema ba

Masana lambobi suka nema, amma a kowane shafi, gefen lambobin, akwai labarin abin da ya faru a ranar. Yawancinsa aikin yau da kullum ne: an loda kwal, an wanke tufafi, an yi fenti, an hori wane, guga ko tsintsiya ta faɗa teku. Masu kwafi suka fara rubuta waɗannan ma, ko da yake ba dole ba ne, har suka shaƙu da jiragensu kamar 'yan gida. Daga baya wasunsu suka tsara tarihin kowane jirgi rana bi rana.

Wani lokaci kuma shafin yakan yi nauyi. Jirgin yaƙi mai suna Africa yana tsaye a Freetown ta ƙasar Saliyo a watan Satumba na 1918, makonni kaɗan bayan wani jirgin, Mantua, ya iso tashar da masu fama da muguwar murar nan da ta game duniya. Akwai gurbi a littafin da ake rubuta yawan marasa lafiya kowace rana. A farkon wata 'yan kaɗan ne. Ran 9 ga wata sun kai 476, cikin mutum kusan 800. Kafin a sauke tutar killacewa ran 30 ga wata, mutum 52 sun mutu. A cikin watan nan ne cutar ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Duk tsawon kwanakin nan ana ci gaba da cika littafin jirgin, shi ya sa muka san lissafin.

Cikin littattafan Amurka da aka kwafa akwai na wani jirgi mai suna Jeannette. Ya tashi daga San Faransisko a watan Yuli na 1879 da mutum 33, ƙarƙashin George De Long, da nufin kaiwa ƙuryar arewacin duniya. A watan Satumba ƙanƙara ta kama shi a arewa da Saiberiya, ta riƙe shi wata 21 tana yawo da shi, mutanen ciki kuwa suna ta awon iska da zafi da halin ƙanƙara suna rubutawa. Ran 13 ga Yuni 1881 ƙanƙarar ta matse jirgin ya nutse. Suka kama hanya a ƙasa, suna jan kwale-kwale uku a kan ƙanƙara, kusan wata uku. Kowane kaya nauyi ne ga mai jin yunwa, amma De Long ya ƙi barin littattafan. Sai da suka taka gaɓar Saiberiya, a bakin Kogin Lena, ƙarfi ya ƙare, sa'an nan ya binne su ya sa alama. Shi da yawancin waɗanda ke cikin kwale-kwalensa yunwa da sanyi suka kashe su a wannan jeji, rubutunsa na ƙarshe na ran 30 ga Oktoba 1881 ne. Cikin mutum 33, 13 ne suka koma gida.

Injiniyan jirgin, George Melville, yana cikin waɗanda suka tsira. Shi ne ya koma ya tono littattafan, a watan Maris na 1882 kuma ya gano gawar De Long, da ɗan littafinsa na kansa a kusa da ita. Littattafan jirgin suna ma'ajiyar takardun tarihi ta Amurka, a can aka ɗauki hotunansu, 'yan sa kai suka kwafe su shekara 130 da 'yan kai bayan nutsewar jirgin. Da su da irinsu ake gwada inda bakin ƙanƙarar tekun arewa yake a ƙarshen damunar 1879 da inda taurarin ɗan'adam suke ganinsa yanzu. Wurin da ƙanƙara ta kama Jeannette a farkon Satumba, a yawancin shekarun baya bayan nan ruwa ne buɗaɗɗe a wannan wata.